Abin da Uwar Mai Kushin Ta Bari

Mai Kushin bai je asibiti don kansa ba. Maƙwabcinsa a layin masu sana'a, wani mai walda, injin yankan ƙarfe ya kama shi a cinya, aka ce ana neman jini. Shi kuwa Mai Kushin ba ya iya cewa a'a, don a'a tana bukatar bayani, shi kuma bayanin ne ba ya so. Ya ajiye guduma, ya karkaɗe ɓurɓushin soso daga kansa, ya bi sauran. Aka ɗibi ɗan jini a hannun kowa don gwaji. Da sakamako ya fito, wata ma'aikaciya ta shigar da sauran ciki, shi kuma ta ja shi gefe, ta rage murya ta ce nasa ba zai yi ba, ya je ya ga likitan hanta. Ya ce to. Ya koma shago ya ƙarasa hannun kujerar da ya bari a buɗe.

Haka Allah ya yi shi. Matarsa malamar firamare ce, shi ya sa har shi ma Malama yake ce mata, kuma ta sha faɗi cewa ko gobara ta tashi a gidan, sai mijinta ya tsaya neman hularsa tukuna. Ba don ita ba, da maganar ta mutu a nan. Ita ta ɗauki izini a makaranta, ta tasa shi a gaba da yaransu biyu, babban ɗan makaranta da Auta da ke goye, aka je aka gwada kowa. Yaran lafiya lau, an yi musu allurar rigakafi tun suna jarirai. Ita Malama aka ce cutar ta taɓa shiga jikinta, jikin ya kore ta da kansa, ko sani ba ta yi ba. Ta ce ai ba mamaki, mai fama da yara cike da aji kullum, wace ƙwayar cuta ce za ta zauna da ita. Shi kaɗai ne ke ɗauke da abin, kuma da yawa.

Likitar mace ce mai saurin magana, irin waɗanda suka faɗi abu ɗaya sau dubu har ya zama musu kamar karatun sallah. Ta ce ciwon hanta ne, nau'in da ake kira bi. Ta ce yana iya zama a jikin mutum shekara da shekaru ba ko ciwon kai, yana cin hanta a hankali, wasu su tsufa da shi lafiya, wasu kuma ya zame musu sankara. Ba a ɗaukarsa ta kwano ko ta gaisuwa, saboda haka kada Malama ta je ta ware masa cokali. Sannan ta ce za ta aika jininsa wani babban ɗakin gwaji, don ƙwayar cutar nan ba iri ɗaya ba ce. Tana da dangi-dangi kamar mutane, kowane dangi da yankin duniyar da ya fi yawa, kuma wasu dangin sun fi wasu mugunta.

Duk wannan Mai Kushin ya saurara yana kallon kujerar da likitar ke kai. Ledar ta tsage a gefe, kuma daga yadda take karkata ya san robar ƙasa ta saki.

Da suka koma karɓar sakamako, likitar ba ta yi sauri ba. Ta duba na'urarta, ta dube shi, ta tambaye shi ko ya taɓa zama a wata ƙasa. Ya ce a'a, shi ko jirgi a sama yake ganinsa. Malama ta taɓa shi da gwiwar hannu, ta ce wa likitar ai ba a nan aka haife shi ba.

Gaskiya ta faɗa, shi ne dai ba ya lissafa wannan cikin tafiye-tafiye, tun da a hannu aka kawo shi. Babansa ya tafi neman aiki wata ƙasa mai nisa yana saurayi, ya yi shekaru yana tuƙin manyan motocin aikin hanya, ya yi aure a can. Wata rana sai ga shi a ƙofar gidan yayarsa da akwati ɗaya da yaro ɗan shekara biyu, ba mata. Ya ce ta rasu. Ya miƙa yaron, ya nemi ruwan wanka. Yayar nan, wato Gwaggo, ita ta raini yaron, ita ta sa masa Baƙo, har yau kuma haka take kiransa. Uban ya rasu a haɗarin mota kafin yaron ya kai shekarun yin tambaya. Babu hoton uwar, babu zanenta, babu ko ɗan kunne. Sunanta dai an sani, amma suna ne da harshen mutanen gidan bai iya juyawa ba, kowa da yadda yake faɗinsa. A fuska ma ba ta bar masa komai ba, shi da ubansa kamar an tsaga kara.

Likitar ta tambayi sunan ƙasar, Malama ta faɗa. Ta gyaɗa kai kamar wadda lissafinta ya fita. Ta ce irin da ke jininsa ba kasafai ake ganinsa a nan ba, a can yankin ya fi yawa. Ta ce kuma yana cikin waɗanda aka fi alaƙantawa da sankarar hanta, musamman ga namiji, musamman wanda ya ɗauka tun yana ƙarami, ga shi kuma gwaji ya nuna hantar ta fara jin jiki. Don haka ba za a tsaya kallo ba. Zai fara shan magani, ƙwaya ɗaya kullum, watakila har iyakar rayuwa, a kuma riƙa yi wa hantar hoto lokaci-lokaci.

Malama ta riƙe bakin teburin. Shi kuwa ya yi tambayarsa ta farko tun da aka fara zuwa asibitin.

"Likita, a wajen wa na samu?"

"Malam, ba zan rantse maka ba," in ji ta. "Amma wanda ya bar can yana shekara biyu, ya zo da irin na can, mafi yawa daga mahaifiya ne. Ko wajen haihuwa, ko kana jikinta kana ƙarami. Ba laifinta ba ne, da wuya ma ta san tana da shi."

Ya ce to. Likitar ta ƙara da abin da take ganin albishir ne, ta ce tun da yaransa ba su ɗauka ba, a kansa zancen zai ƙare.

A hanyar gida Malama ta yi ta kuka a ɓoye cikin gyale, tana gyara goyon Auta don kada a gane. Shi ya leƙa cikinsa ya nemi tsoro bai samu ba. Ya faɗa wa kansa kalmar sankara, ya sake faɗa, ta zame masa kamar sunan wata unguwa da bai taɓa zuwa ba. Abin da ya tsaya masa wani ne daban, kuma ya san in ya faɗa za a ce ya taɓu.

Ranar hutu ya je wajen Gwaggo. Ta tsufa, idon ya yi rauni, amma bakin na nan daram. Tana zaune a kujerar da ya yi mata shekarun baya, wadda take cewa ya cusa mata duwatsu a ciki don ta mutu da wuri ya huta. Ta ce lafiya Baƙo ya zo ba ranar biki ba, ko Malama ce ta gaji da magana da bango ta koro shi. Ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, ya tambaye ta me ya kashe mahaifiyarsa.

Gwaggo ta daina tsokana. Ta ce sau ɗaya tak ƙanenta ya taɓa ba ta labarin, shi ma don ta tsare shi ne. Ƙanen ya ce mata cikin matar ya yi ta kumbura har suka ɗauka wani rabon ne, suka fara murna. Sai ga hannuwa na ramewa, ido ya koma rawaya. Kafin su gane ba ciki ba ne, ta kwanta. Ya ce har ranar da ta cika yaron na kwance a gefenta, don ta hana a ɗauke shi.

"Iyakar abin da na sani ke nan, Baƙo," in ji ta. "Da da ƙari da na ba ka tuntuni. Me ya tayar da zancen?"

Ya ce ba komai, tunani ne kawai. Ta ce tunani a kansa, lallai duniya ta zo ƙarshe. Ya duba ƙafar kujerar, ya ce zai zo ya ɗaure ta.

Maganin ƙarami ne, fari, bai kai ƙwayar wake ba. Malama ta ajiye kwalbar a saman firiji inda yara ba sa kaiwa, kullum da safe kafin ta fita ta zazzago ɗaya ta sa masa a tafin hannu tare da kofin ruwa. Safiyar gidan kuwa ba ta barin kowa ya tsaya kallon wani. Babban na neman safarsa, Auta ta zubar da shayi, Malama na ɗaure ɗankwali tana duba agogo. Sai Mai Kushin ya kai hannu baki, ya sha ruwan, maganin kuma ya bi hannun zuwa aljihun riga. In ya isa shago, ya jefa shi cikin gwangwanin ƙananan ƙusoshi.

Bai shirya haka ba. Ranar farko cewa ya yi bari ya bari sai gobe. Ba mutuwa yake so ba, kuma ba ya cikin masu cewa maganin asibiti ƙarya ne. Abin dai shi ne, tun da ya yi wayo yake jin mutane na cewa wannan zoben na mahaifiyata ne, wannan dariyar ta uwarsa ce, shi yana jinsu kamar masu wani yare. Yanzu ga wata mai farar riga ta duba na'ura ta ce akwai wani abu a jikinsa da ya rayu a jikin matar nan, ya fito daga jininta ya shiga nasa, ya biyo shi a jirgi, ya zauna da shi a gidan Gwaggo, ya yi makaranta da shi, ya yi aure da shi. Abu mai rai. Kuma ranar da aka gaya masa, ranar aka ba shi abin kashe shi.

Aikin kushin aiki ne na buɗe ciki. Ka juya kujera, ka zare ƙusoshi da filaya, ka yaye tsohon yadi, ka ga soson da ya mutu ya koma gari, da sifirin da ya karye, da abin da masu gidan suka manta ya faɗa ta gefe shekaru da suka wuce, mataji ko murfin biro ko maɓalli. Yana wannan aikin sai ya tsinci hannunsa na hagu a ƙasan haƙarƙarinsa na dama, inda likitar ta shafa mai ta ɗora na'urar hoto. Ba ya jin komai a wurin. Sai ya bar hannun ya ɗan jima, sannan ya koma kan keken ɗinki. Mai waldan da ya warke yana ɗingishi ya ce masa ko ulsa ce, ya rage yaji. Ya ce to.

Da aka koma asibiti bayan wasu watanni, likitar ta yamutsa fuska. Ƙwayar cutar ba ta ragu ba ko kaɗan. Ta tambaya ko yana sha kullum, Malama ta riga shi amsawa, ta ce da hannunta take ba shi. Likitar ta ce to akwai yiwuwar irin tasa ta sauya kama ta yadda maganin ba ya cin ta, ko da yake da wuya hakan ta faru da wannan maganin, za a sake gwaji. Mai Kushin ya ji ana shirin kashe kuɗi da lokaci a kan ƙaryarsa, ya kuma ji kunya, amma kunyar ma daga nesa ya jiyo ta. Ya bari aka sake gwajin.

Asirin ya tonu ne a kan ƙusa. Wata rana da rana tsaka an tashi makaranta da wuri, Malama ta biyo ta shago da Auta a baya, tana son 'yan ƙusoshi ta kafe taswira a bangon ajinta. Yana can ƙarƙashin wata doguwar kujera yana ja mata roba, ya ce ta ɗiba a gwangwani. Ya ji ƙarar murfin. Daga nan bai ƙara jin komai ba, sai rediyon mai walda daga can gefe. Ya fito da rarrafe. Tana tsaye da gwangwanin a hannu, fararen ƙwayoyin sun cakuɗe da baƙaƙen ƙusoshi, wasu har sun yi tsatsa a jiki.

Malama mace ce mai faɗa, duk layin an san muryarta. Ranar ba ta ɗaga ta ba. Ta janyo wani guntun soso ta zauna, ta tambaye shi ko wani ne ya ba shi na gargajiya, ya ce a'a. Ko maganin na sa shi jiri, ya ce bai sani ba, bai taɓa sha ba. Ko ita ce ta ishe shi har yake neman hanyar tafiya. Ya ce Allah ya kiyaye. Ta ce to mene ne.

Ya daɗe yana juya filaya a hannu.

"Ita kaɗai ta bar mini," in ji shi.

"Wa?"

"Mahaifiyata. Ba ni da komai nata, Malama. Sai wannan."

Ya jira ta yi dariya ko ta kira shi mahaukaci, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta dai zuba masa ido. Ya ga ta gane, ya kuma ga ganewar ba ta rage mata fushi ba. Ta kwance goyo, ta sauke Auta da ke barci, ta miƙa masa ita. Ya goge hannu a wando ya karɓa. Yarinyar ta yi zufa, gashinta ya manne a goshi, ta juya ta cusa fuska a wuyansa.

"Shekararta nawa?" in ji Malama.

"Biyu."

"To. Kai ka samu cuta daga mahaifiyarka. Ita na kai ta an yi mata allura tun ranar da na haife ta, ko cutar ba za ka bar mata ba. In ka tafi yanzu, ba za ta tuna muryarka ba. Sai dai in ta girma ta zo ta zauna a ƙafata ta ce me ya kashe babanta, in ce mata yana da magani a gwangwani."

Ba ta jira amsa ba. Ta zazzage gwangwanin a kan tebur, ta tsince ƙusoshin da ta zo nema, ta ƙulle su a takarda, ta share magungunan da suka lalace ta zuba a kwandon shara. Ta ce zai riƙe Auta har ta je ta kafe taswirarta ta dawo.

Ya zauna da yarinyar a kan kujerar mutane da ba ta da yadi. Bai yi kuka ba, bai ji wani abu ya tsinke a ƙirjinsa ba. Nauyinta kawai ya ji, da ɗumin numfashinta, da hannunsa da ya fara sagewa. Ya yi tunanin matar da ta hana a ɗauke yaro daga gefenta, ya ga cewa da an miƙa mata ƙwaya ɗaya a tafin hannu, da ba ta tsaya tunani ba. Wannan bai sa ya daina son abin da ke cikinsa ba.

Washegari Malama ta ba shi maganin, ta tsaya. Safar babban ta ɓace, shayi na tafasa yana zuba, ba ta motsa ba. Ya sa a baki ya kora da ruwa. Ta ce ya buɗe, kamar yadda take yi wa 'yan ajinta masu ɓoye cingam, ya buɗe, ya ɗaga harshe. Haka suka yi ta yi kowace safiya, har ta daina cewa ya buɗe, shi kuma bai daina buɗewa ba. Ita ce kuma ta gaya wa likitar gaskiya, ban da dalilin. Likitar ta yi masa faɗan da ya dace da shi, ya ce to.

Watanni suka shuɗe. Aka yi wa hantar hoto, ba a ga ƙari ba. Gwaji na gaba ya nuna ƙwayar cutar ta ragu sosai. A na bayansa, likitar ta juyo musu da na'urar tana murmushi, karo na farko da suka ga haƙoranta, ta ce an duba jininsa ba a ga ko alamarta ba. Malama ta rufe fuska da tafin hannu tana ta godiya ga Allah. Ya ji daɗi saboda ita. Saboda kansa kuwa, sai ya ji kamar ya dawo gida ya tarar an kwashe kayan ɗaki an share.

"Ta tafi ke nan?" in ji shi.

Likitar ta ɗauka ɗoki ne irin na marasa lafiya, ta yi maza ta tare shi kafin ya je ya jefar da magani. Ta gyara zama, ta koma muryarta ta ba da labari marar daɗi.

"A'a, Malam, kada ka yi saurin murna. A jini ne ba a ganinta. Wannan cuta tana da wurin ɓuya a cikin hanta inda magani ba ya kai wa. Danne ta kawai muke yi. Tana nan, kuma ina jin tana nan ke nan har ƙarshen rayuwarka. Ka yi haƙuri."

Malama ta juyo ta dube shi. Ita kaɗai a ɗakin ta san cewa albishir aka yi masa.

Idonsa ya cika, har ya zubo kafin ya kai hannu. Likitar ta tura masa takardar share hawaye, tana cewa mutane da yawa na rayuwa da ita lafiya, kada ya karaya. Ya gyaɗa kai, ya kasa gaya mata ba karaya ba ce. Malama ta karɓi takardar sabon magani, ta sa a jaka, ta bar shi ya gama. Da ya samu murya, ya yi wa likitar godiya har sau biyu, ya tambaye ta yaushe zai dawo.